Sunayen alƙalai sun cika bayan ƙuri'ata, e ko a'a kawai: ku yaya kuke yi?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Bana ne karon farko da zan yi zaɓe tun da na zama 'yar ƙasa, a nan Finiks ta jihar Arizona a Amurka. Jiya ƙuri'ata ta iso ta gidan waya. Na cike na manyan kujeru da murnata, ina juyawa sai ga sunayen alƙalai jere reras, na ƙirga har na gaji. Ba abokin takara, ba jam'iyya, ba hoto. Tambaya guda ce a kan kowa: a bar shi kan kujerarsa, e ko a'a. Wallahi ko mutum ɗaya ban taɓa jin sunansa ba. Baban Ilham ya ce in zuba musu a'a gaba ɗaya su san da mutane. Abokiyar aikina ta ce ita e take ba kowa. Na duba littafin bayanin zaɓe da aka aiko, na ga akwai hukumar da ke auna aikin alƙalai, amma kusan kowa an rubuta ya cika sharuɗɗa. To wannan awon abin dogaro ne, ko rufe mana ido ake yi?

Ɗan_Tirela: Wa alaikumus salam. Hajiya, maigidanki ya gama magana. Ni shekara tara ina ba su a'a tun daga sama har ƙasa. Lauyoyi da alƙalai ne ke auna junansu, gwano kuwa ba ya jin warin jikinsa.

Zango_Boy_Bronx: Wai har alƙali ma yana neman tazarce? Amurka ba a gama ganin abin mamaki.

Barista_Hadiza: Maman Ilham, barka da zama 'yar ƙasa. Zango_Boy ya faɗa da wasa amma sunan ya dace, ƙuri'ar tazarce ce, sai dai ba abokin hamayya. Asalinta jihar Misuri, 1940. A lokacin wani uban gidan siyasa a Kansas City mai suna Tom Pendergast shi ke juya komai, har da wanda zai hau kujerar shari'a. Sai aka fito da tsari: kwamiti ya tace sunaye, gwamna ya ɗauki ɗaya, alƙali ya yi ɗan lokaci yana aiki, sannan a tambayi jama'a ko ya zarce. Yau jihohi wajen 20 na yin irin wannan ƙuri'ar ga wasu kotunansu ko dukkansu.

Matsalar da kika ci karo da ita ita ce aka gano tun da wuri: an ba mutum ƙuri'a ba a ba shi abin da zai auna da shi ba. Alaska ta fara awo a hukumance a 1976, mu a Kolorado 1988, ku kuma a 1992 masu zaɓe suka saka shi cikin kundin tsarin mulkin Arizona. Takardun tambayoyi ake raba wa lauyoyin da suka tsaya gaban alƙalin, da masu ƙara da waɗanda ake ƙara, da shaidu, da 'yan juri (mutanen gari da ake zaunarwa su saurari shari'a su yanke), da ma'aikatan kotu. Ana tambayarsu kan sanin doka, riƙon gaskiya, iya bayani, haƙuri da mutunta mutane a zaure, da tafiyar da aiki ba jan ƙafa.

Malam Ɗan_Tirela, gyara kaɗan: a Kolorado hukumar kowane yanki mutum goma ce, shida ba lauyoyi ba ne. A Arizona ma talakawan gari sun fi yawa a ciki.

Ɗan_Tirela: Barista, talakawan gari da wa ya naɗa? Ni dai ba a taɓa kirana ba.

Barista_Hadiza: A Arizona kotun ƙolin jiha ke naɗa yawancinsu. Wannan kam ka samu wurin kamawa, ban musa ba.

Maman_Ilham: Na gode Anti Barista. Amma har yanzu abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: yaya za a yi mutane birjik haka a ce duk sun ci jarrabawa? Ko a makarantar allo akwai wanda ke sha bulala.

Sani_SaltLake: Zan iya cewa wani abu a nan. A Yuta alƙali yana ganin rahotonsa kafin ya shigar da takardar neman zarcewa. In ya ga sakamakon bai yi kyau ba ya ce ya yi ritaya, rahoton ba ya fita ga jama'a. Ke nan waɗanda suka faɗi da yawa ba za ki gan su a ƙuri'a ba, sun bi ta ƙofar baya da mutuncinsu. Wani abin da ya burge ni a namu: hukumar tana tura 'yan sa-kai, mutanen gari kamar ni da ke, su je su zauna a kotu shiru suna kallo, su rubuta yadda alƙali ke yi da mutane. Ya bar mutum ya gama magana? Ya yi masa bayanin hukuncin har ya gane? Ana saka wannan cikin rahoto.

Ɗan_Tirela: Wato a rufa wa baragurbi asiri ya tafi da fanshonsa. Madalla.

Sani_SaltLake: Ko kuma a raba shi da kujera ba tare da an jira ƙuri'ar mutanen da ba su san shi ba. Ya danganta da ta inda ka kalla.

Tafinta_Garba: Shekara goma sha ɗaya ina tafinta a kotuna, Hausa da Faransanci, wani lokaci a zaure wani lokaci ta waya. Bari in gaya muku abin da idona ya gani, ba zan kama sunan kotu ba.

Akwai wata baiwar Allah da aka kira ni kan shari'ar riƙon yara tsakaninta da tsohon mijinta. Ba ta da lauya. Duk jimlar da ta fara, kafin in gama juyawa alƙalin ya riga ya katse. Yana duban agogo, yana duban kwamfuta, bai ɗaga kai ya dube ta ba ko sau ɗaya. Hukuncin da ya yanke, a gaskiya, bai zalunce ta ba, ta samu kusan abin da ta nema. Amma ta fito tana kuka a baranda tana ce mini, Malam, ko saurarona bai yi ba. Bayan wata biyu na tsaya wa wani ɗan uwa a gaban wata mai shari'a kan kuɗin haya. Ya sha kaye warwas. Amma matar nan ta jira ni na gama kowace kalma, ta tambaye shi sau biyu ko ya gane, ta gaya masa kwana nawa gare shi in zai ɗaukaka ƙara. Ya fito yana cewa Allah ya saka mata.

Abin da takardun nan ke iya kamawa ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Yawancinmu ba kotun ƙoli za ta taɓa ganinmu ba. Kotun iyali ce, da ta haya, da ta laifin tuƙi. Maman Ilham, kada ki tsaya kan layin “ya cika sharuɗɗa”. Shiga shafin hukumar ki buɗe alƙaluman kowane alƙali. Dubi makin da masu ƙara da shaidu suka ba shi kan haƙuri da mutuntawa, ki gwada da na sauran. In kowa na can sama shi kaɗai ya zame ƙasa, ruwa ba ya tsami banza.

Ustaz_Abu_Maryam: Malam Garba, Allah ya yi albarka. Abin da ka faɗa shi ne Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari da ya ba shi alƙalanci: ya daidaita mutane a fuskarsa da wurin zamansa da adalcinsa, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata masa, kada mai rauni ya fid da rai. Fuska da wurin zama, tun kafin a zo ga hukunci. Kuma an hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi.

Ɗan uwa Ɗan_Tirela, nasiha ce ba faɗa ba. Ƙuri'a shaida ce. Ka ce a sauke mutumin da ba ka san aikinsa ba, ka yi jifa ne a kasuwa. Haka mai ba kowa e. Wanda ba ka da ilimi a kansa, bar gurbinsa.

Maman_Ilham: Malam, in na bar wasu ba za a soke ƙuri'ar duka ba? Wannan nake tsoro.

Barista_Hadiza: Ba za a soke ba. Abin da kika cike za a ƙirga, abin da kika bari a bar shi.

Alhaji_Mota_Nagoya: A Japan kuwa shirun ma magana ne. Alƙalan kotun ƙoli ana saka sunayensu a zaɓen majalisar wakilai na farko bayan naɗinsu. Wanda kake so a cire ka yi masa alamar gicciye, wanda ka bari fari an ɗauka ka yarda da shi. Tun da aka fara bayan yaƙin duniya na biyu ba a taɓa cire ko mutum ɗaya ba.

Rabi_Shikago: Mu a Ilinoi rabi da ɗoriya ba ya isa, sai alƙali ya samu kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka amsa tambayar. Shi ya sa a'ar irin su Ɗan_Tirela ke da nauyi a nan. A 2020 Thomas Kilbride na kotun ƙolin jiha ya samu sama da rabi amma ya gaza kai 60, ya sauka. Kuma mu ƙungiyoyin lauyoyi ne ke fitar da shawara, sun fi goma, wani lokaci wannan ta ce ya cancanta waccan ta ce bai cancanta ba. Akwai 'yan jaridar Injustice Watch da ke tattara su wuri guda duk zaɓe, da tarihin kowane alƙali. Shi nake buɗewa a waya.

Musa_Hustan: Ku gode wa Allah. Teksas alƙali da tutar jam'iyya yake fitowa kamar kansila, yana tara kuɗin kamfe har daga lauyoyin da gobe za su tsaya gabansa. Kowa ya ci ladan kuturu ai kun san sauran. A 2018 guguwar jam'iyya guda ta kwashe kujerun alƙalan gundumar Harris, inda birnin Hustan yake, na kirki da na banza duk ruwa ya tafi da su.

Zango_Boy_Bronx: Tambaya ta gefe, a yi haƙuri. Alƙalin da ke riƙe da shari'ar takardun ƙanena shekara huɗu ana ɗagewa, ta ina ake ba shi a'a?

Barista_Hadiza: Ba ta ko'ina, ɗan uwa. Alƙalan shige da fice ma'aikatan ma'aikatar shari'a ta tarayya ne, ba sa zuwa ƙuri'a. Alƙalan manyan kotunan tarayya kuma shugaban ƙasa ke naɗawa majalisar dattawa ta tabbatar, kujerar ta rai da rai ce. Duk maganar nan ta kotunan jiha ce. Allah ya kawo wa ƙanenka mafita.

Dakta_Bello_K: Ina bin zancen tun safe. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan tambayar Maman Ilham. Hukumomin nan da gangan ba sa auna ko hukuncin alƙali ya yi wa jama'a daɗi. Su halayya da ƙwarewa suke aunawa. Amma ku duba waɗanda aka taɓa saukewa a manyan kujeru. Kalifoniya 1986: babbar mai shari'a Rose Bird da Cruz Reynoso da Joseph Grodin, kan hukuncin kisa. Tenesi 1996: Penny White, shi ma kan shari'ar kisa. Ayowa 2010: Marsha Ternus da David Baker da Michael Streit, bayan kotun ta halatta auren jinsi a 2009. Ba wanda aka saukar don ya makara zuwa zaure ko ya daka wa shaida tsawa. Ke nan hukuma na amsa wata tambaya, mai zaɓe na yin wata.

Kuma alƙalai na kallo. Gregory Huber da Sanford Gordon sun bi hukunce-hukuncen laifi sama da 22,000 a Fensilbaniya, suka wallafa a 2004 cewa alƙalai na ƙara tsawon zaman kaso idan ƙuri'arsu ta matso. Gemun ɗan uwa ya kama wuta, kowa na shafa wa nasa ruwa, wanda ke tsaye a akwatin tuhuma shi ke biya.

Hajiya_Turai: To Dakta, laifi ne? In alƙali ya yanke abin da ya saɓa wa tarbiyyar da nake so ga 'ya'yana, aka kawo mini takarda aka ce e ko a'a, in ce e saboda yana da fara'a? Me ya sa aka tambaye ni tun farko?

Dakta_Bello_K: Hajiya, haƙƙinki ne, ba mai ƙwace miki. Sai dai ki tuna mu tsiraru ne a ƙasar nan. Ranar da unguwa ta taso kan ba za a gina masallaci ba, alƙalin da ba ya tsoron ƙuri'a shi za mu so a samu a kujera.

Hajiya_Turai: Wannan kuma ka kawo ta inda ban zata ba. Amma ban sauka daga kan maganata ba.

Barista_Hadiza: Ga wadda ta fi duka wuyar yankewa. Alaska, 2018, alƙali Michael Corey a Ankorej. Wani mutum ya shaƙe wata mata har ta suma ya ci zarafinta. Masu gabatar da ƙara suka yi yarjejeniya da shi, alƙalin ya amince, mutumin bai koma gidan yari ba. Majalisar da ke auna alƙalai ta riga ta ba da shawarar a bar Corey. Gari ya ɗauki zafi, aka sauke shi a Nuwamba. Masu kare shi suka ce dokar ce ke da rami, abin da mutumin ya aikata ba a lissafa shi laifin fyaɗe a rubuce ba, kuma ba alƙali ya tsara tuhumar ba. A 2019 majalisar jiha ta toshe ramin. Ni lauya ce, na san hannunsa a ɗaure yake ta wani gefen. Amma ba zan iya duban matar nan in ce mata jama'a sun yi kuskure ba.

Ɗan_Tirela: Kun gani? Hukuma ta ce a bar shi. Da an bi littafin Maman Ilham da har yau yana nan. Kuma da ba a sauke shi ba wa zai gyara dokar?

Tafinta_Garba: Waɗanda suka sauke shi sun san sunansa da abin da ya yi. Kai kuwa har da matar da na ba da labari kake ba a'a.

Kawu_Ɗanlami_Kano: Muna jinku daga gida. Ku kawo wannan tsarin Najeriya ku ga taliya da atamfa a ƙofar kotu. Mu a nan majalisar kula da alƙalai ta ƙasa, NJC, ke karɓar lissafin shari'o'in da alƙalan manyan kotuna suka yanke duk wata uku, tana da kwamitin awo. Amma talaka bai taɓa ganin sakamakon alƙalin garinsu ba. Ni ƙuri'ar ba na so, littafin nake so. A buga mana wa ke ɗage zama sau goma, wa kotun ɗaukaka ƙara ke yawan rushe hukuncinsa.

Musa_Hustan: Kawu, Meziko ta gwada zaɓen alƙalai a Yunin 2025, har kotun ƙoli. Wajen kashi 13 cikin ɗari suka fito.

Rabi_Shikago: A dawo kan awon. Ni abin da ke damuna takardun ba suna a jiki, kuma ba kowa ke mayarwa ba. Wanda ya ji haushi shi ke zama ya cike. Sannan an yi bincike a gundumar Clark ta Nebada, inda wata jarida ke jin ra'ayin lauyoyi kan alƙalai, Rebecca Gill da abokan aikinta suka ga mata da waɗanda ba farare ba suna samun maki ƙasa da takwarorinsu ko da an daidaita sauran abubuwa. Namiji in ya tsare gida a ce yana da kwarjini, mace ta yi haka a ce masifaffiya ce. Don haka shawarar Malam Garba ma a bi ta da lura.

Tafinta_Garba: Gaskiya ne Anti Rabi. Sai a kuma duba mutum nawa suka amsa. Maki daga mutum takwas ba ɗaya yake da maki daga mutum ɗari ba.

Yusuf_Tempe: Maman Ilham, maƙwabcinki ne ni. Kada ki ɗauka ƙuri'ar nan wasa ce a gundumarmu. A 2022 an sauke alƙalai uku na Maricopa a zaɓe guda, alhali ɗaya ne kawai cikinsu hukumar ta ce bai cika sharuɗɗa ba. A 2024 kuma aka yi gangami kan Clint Bolick da Kathryn King na kotun ƙolin jiha, saboda suna cikin waɗanda suka ce dokar hana zubar da ciki ta 1864 tana nan da ƙarfinta. Duka biyun sun zarce. A zaɓen 2024 ɗin dai 'yan majalisa suka kawo ƙudiri mai lamba 137 don a daina wannan ƙuri'a ta kai a kai, sama da kashi 75 cikin ɗari suka ce ba su yarda ba. Mutane ba sa karanta littafin, amma ka ce za ka karɓe musu sandar sai su tashi.

Ɗan_Tirela: Ni ma a'a na ba 137 ɗin.

Zango_Boy_Bronx: Kai dai ko aljanna aka saka a ƙuri'a sai an riƙe hannunka.

Ustaz_Abu_Maryam: Subhanallah, a bar wasa da wannan.

Zango_Boy_Bronx: Tuba nake Malam.

Maman_Ilham: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Bayan isha na zauna da shafin hukumar kamar yadda Malam Garba ya ce. Na gama mutum goma sha huɗu kafin barci ya kwashe ni. Biyu makinsu na haƙuri ya zame sosai, na yi musu alama a gefe, amma ɗaya mace ce kuma mutum kaɗan suka amsa, sai maganar Anti Rabi ta tsaya mini a rai. Baban Ilham ya riga ya liƙe tasa ambulan, ban tambaye shi ba. Wata tambaya kuma: akwai wani suna a gaba, alƙalin ƙaramar kotun unguwa, shi da jam'iyya a jikin sunansa har da abokin takara, kuma ban same shi a shafin ba ko kaɗan. Shi kuma fa?

Yusuf_Tempe: Waɗannan daban ne, zaɓe ake yi musu irin na 'yan siyasa, hukumar ba ta auna su. Su ne kuwa ke sauraron ƙarar tashin 'yan haya. Wace unguwa kike? Turo mini ta akwatin sirri in duba miki su waye suka fito.